Wasiƙa: A Koya wa Yara "Had" ta Hanyar "Sun" da "Suka"

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana da malaman Ingilishi na makarantun sakandare a nan arewacin Kamaru, da iyayen yara, da su kansu ɗaliban da ke shirin jarrabawar BEPC da Probatoire da Bac. Maganar a kan wani ɗan yanki ne na nahawun Ingilishi wanda littattafai ke kira "past perfect", wato inda ake sa "had" kafin aikatau, kamar "they had gone". Ƙaramin abu ne a ido, amma maki da yawa na zubewa a kansa, a tambayoyin cike gurbi da kuma a insha'i. A ganina muna wahalar da yaran da ke jin Hausa a banza. Muna bi da su ta Faransanci kaɗai, alhali a bakinsu akwai ma'aunin da ya fi na Faransanci kaifi, daidai wurin da aka fi tuntuɓe.

A ɗauki jirgin ƙasan nan da ke tashi daga Ngaundere da yamma ya kwana a hanya zuwa Yawunde. Wasu sun garzaya tasha don su yi sallama da 'yan'uwansu matafiya. Washegari ɗayansu yana ba da labari. Zai iya cewa, "Da muka isa tasha, sai suka tafi." Zai kuma iya cewa, "Da muka isa tasha, sun tafi." Duk Bahaushe, ko bai taɓa shiga aji ba, ya san ba abu ɗaya aka faɗa ba. A ta farko an ga juna, an yi musabaha, sannan jirgi ya ja. A ta biyu wayam aka tarar, sai masu sayar da ayaba suna tattara kayansu. To Ingilishi ma haka ya raba su. Ta farko ita ce "When we reached the station, they left." Ta biyu ita ce "When we reached the station, they had left." Inda Hausa ta ce "suka", Ingilishi ya kawo aikatau a sifarsa ta baya kawai. Inda Hausa ta juya ta ce "sun" a tsakiyar labari, Ingilishi ya ɗauko "had".

Masana nahawun Hausa suna kiran jerin "mun, kun, sun, an" shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, jerin "muka, kuka, suka, aka" kuma na biyu. Da na biyun ake jera labari daki-daki: suka tashi, suka yi alwala, suka fita. Kowane aiki na bin na gabansa. Da zarar mai labari ya tsaya ya ce "ashe an kulle ƙofa", ya waiwaya ke nan zuwa abin da ya faru tun kafin inda labarin ya kai. Wannan waiwayen shi ne duk aikin "had". Dole sai akwai wani wuri a baya da mai magana ya tsaya, sannan ya leƙa bayan wannan wurin. In babu wurin tsayawar, babu "had".

Akwai ɗan cikas a nan da ya kamata malami ya sani tun kafin ya shiga aji. In mutum ɗaya ake magana a kai, rubutun boko ba ya nuna bambancin. "Ya" na "ya tafi" iri ɗaya ake rubuta shi a jeri biyun, haka "ta" da "na" da "ka". A baki ne ake jin ɗaya da jan wasali, ɗaya a gajarce. Maganinsa mai sauƙi ne: a mai da mutum ɗayan jam'i. Yaro na kokwanto a kan "Da na shiga ofis, shugaban makaranta ya fita", sai ya tambayi kansa, da malamai ne da yawa, "suka fita" zan ce ko "sun fita"? In "sun" ne ya zauna, to "had gone out" zai rubuta. In ya ga zai iya cusa "riga" a ciki ba tare da ma'ana ta canja ba, "sun riga sun fita", ya ƙara samun tabbaci, kuma "riga" ɗin nan ita ce "already".

Ginin kansa ba shi da wuya. "Had" ɗaya ce ga kowa, ni da kai da ita da su. Ɗalibin da ya sha fama da avais, avait, avions, aviez, avaient na Faransanci ya kamata ya ji daɗin wannan, ga shi kuma babu ruwan Ingilishi da ƙara wa aikatau harafi don mace ko don jam'i. Korewa ita ce "had not", a taƙaice "hadn't". In tambaya ce sai "had" ta wuce gaba: "Had they paid?" Ba a kawo "did" ko kusa. "Did they had paid?" kuskure ne da ake yawan gani, kuma asalinsa yaro ya haddace cewa tambayar abin da ya wuce da "did" take farawa, bai ji cewa in jimla na da "had" irin wannan ita ke ɗaukar nauyin tambayar da kanta ba.

Wahalar tana ga abin da ke bin "had", wato sifa ta uku ta aikatau, wadda ke rukuni na uku a jadawalin nan na bayan littafi. Aikatau masu bin ƙa'ida ba su da matsala, sifa ta biyu da ta uku duk "-ed" ne. Marasa bin ƙa'ida sun haura ɗari, kuma hanyar da ake ba yara su haddace su bisa jerin abacada ita ce mafi muni, don tana haɗa waɗanda ba su da dangantaka. Gara a kasa su gida-gida. Akwai waɗanda ba sa canjawa sam, irin su put, cut, shut, cost, hit. Akwai waɗanda ta biyu da ta uku ɗaya ne, irin su buy, bought, bought, da sell, sold, sold, da leave, left, left. Waɗannan biyun ba sa jawo kuskure a nan. Masu jawo shi su ne waɗanda ukun duk suka bambanta: go, went, gone, write, wrote, written, see, saw, seen, take, took, taken, begin, began, begun, drink, drank, drunk. Sai wasu 'yan kaɗan masu yaudara da ta ukunsu ke komawa kamar ta farko: come, came, come, run, ran, run, become, became, become. Daga gidaje biyun ƙarshe ne ake samun "had went" da "had wrote" da "had came". Malamin da lokaci ya ƙure masa ya bar sauran, ya dage a kan waɗannan. Goma a mako, kowanne a cikin jimla cikakkiya, ya fi hamsin da aka rera kamar waƙa.

Tunda an ambaci "gone", akwai abin da Hausa ta warware tuntuni. "He had gone to Maroua" na nufin ya tafi Marwa, lokacin da ake maganar ba ya nan. "He had been to Maroua" kuwa ya je ne ya dawo, ko ya taɓa zuwa. Bambancin "tafi" da "je" ke nan, kuma yaro zai kama shi cikin minti ɗaya in aka faɗa masa haka.

Yanzu ga inda Faransanci ke jefa yaranmu a rami. Littattafai kan ce "past perfect" shi ne plus-que-parfait, kuma akwai gaskiya a ciki: "j'avais mangé" daidai yake da "I had eaten". Amma Faransanci na gina wannan lokaci da mataimaka biyu, avoir da être. Aikatau irin su aller, venir, arriver, partir, entrer, sortir, tomber, mourir da être suke tafiya. Ingilishin yau ba shi da wannan rabon, "had" ce kawai. Yaro ya ɗauko "ils étaient arrivés" ya juya shi kalma da kalma, sai ya rubuta "they were arrived", wanda ba Ingilishi ba ne. "Il était mort" ya zama "he was died", alhali ko dai "he had died", ya riga ya rasu, ko "he was dead", matacce ne. Mafi haɗari shi ne "elle était partie". In ya zama "she was left", jimlar ba ta karye ba, mai dubawa ba zai ga alamar tuntuɓe ba, amma ma'anarta ta koma an bar ta, an tafi an ƙyale ta. Yarinyar da ta tafi da ƙafarta ta zama wadda aka yasar. Wani ɗalibi mai wayo zai ce ai ya ji ana cewa "he was gone". Ana cewa, amma siffanta halin da ake ciki ne, wato ba ya nan, kuma ba a ƙiyasta sauran aikatau a kansa.

Rami na biyu shi ne depuis, wato "tun" ta Faransanci. Bafaranshe zai ce "il attendait depuis deux heures quand le car est arrivé". Yaro ya bi sawu ya rubuta "he was waiting since two hours", kuskure biyu a numfashi ɗaya. Ingilishi na son "He had been waiting for two hours when the bus arrived." Ginin shi ne "had been" da aikatau mai "-ing", kuma ana amfani da shi ga aikin da ya faro tun can, yana ci har zuwa wurin da labari ya tsaya. Hausa ta fi kusa: "ya yi awa biyu yana jira sannan mota ta iso." A lura "ya yi" da "yana" duk suna nan, kamar yadda "had been" da "-ing" suke. "For" na bin tsawon lokaci, awa biyu, shekara goma. "Since" na bin mafari, wato "tun": "since morning", tun safe; "since 2008", tun shekarar da aka kafa Jami'ar Marwa. Sai dai aikatau na hali, irin su be, know, own, believe, ba sa karɓar "-ing" a nan. Za a ce "When Ahidjo resigned in 1982, he had been president for 22 years", za a ce "they had known each other for years", ba a cewa "had been knowing". Haka kuma in an ƙidaya abin da aka kammala, sifa mara "-ing" ake so: "she had written three letters", ta rubuta wasiƙu uku. "She had been writing letters all morning" kuwa ta wuni a kai ne, ba a ce ta gama ba. Kusa da wannan akwai "il venait de partir", wanda ba ruwansa da zuwa, ko da yake venir "zuwa" yake nufi. "He had just left" ne, tafiyarsa ke nan.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi ba daga Faransanci yake ba, daga bakin malamai yake. Wasu kan ce wa yara "had" ta abin da ya daɗe da faruwa ce. Daga ranar sai yaro ya riƙa barbaɗa ta a insha'i kamar gishiri: "Cameroon had become independent in 1960." In jimlar ita kaɗai ce, ba daidai ba ce. "Cameroon became independent in 1960" ya wadatar, ko da shekara dubu ce ta wuce. Tsufan abu ba ya kiran "had". Abin da ya faru minti biyar da suka wuce na iya ɗaukarta: "When I came back, the tea had gone cold", ko da na dawo shayin ya huce. Na tarihi kuma sai an kafa masa wurin tsayawa. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya isa Yola a 1851, lokacin Modibbo Adama ya riga ya rasu, ɗansa Lawal ke sarauta. A nan "had" ta samu gurbi: "When Barth reached Yola in 1851, Modibbo Adama had already died." Zuwan Barth ne wurin tsayawa, rasuwar tana bayansa. Ga masu son ƙwallo: Kamaru ta ci kofin Afirka a 1984, 1988, 2000, 2002 da 2017, sannan aka buga gasar a gida a farkon 2022, har da wasanni a filin Roumdé Adjia na nan Garwa. "By 2022 Cameroon had won the cup five times." Kalmar "by" mai shekara a gabanta ita ta kafa wurin tsayawar. A cire ta, "had" ta rasa madogara.

A insha'in labari ma ba a son a yi ta maimaita ta. Marubuci ya waiwaya baya, ya sa "had" a jimla ɗaya ko biyu don mai karatu ya san an koma can, sai ya ci gaba da sifar baya ta kullum. In zai dawo kan hanya ya sa alama, kamar "now" ko "that morning". Sakin layi mai "had" goma nauyi gare shi ko da babu kuskure a ciki.

Ba zan ɓoye inda ma'aunin "sun" da "suka" ke gazawa ba, don malamin da bai san iyakarsa ba zai kunyata a gaban aji. Bayan "da" mai siffanta suna, da bayan kalmomin tambaya, Hausa "suka" take sawa dole, ko aikin ya riga ya faru. "Na ga mutanen da suka sayi buhunan" Ingilishinsa "I saw the people who had bought the sacks" ne, don sayen ya riga ganin. A irin wannan wuri sai a koma ga gwajin "riga", ko a tambaya kai tsaye, wanne ya fara faruwa? A korewa kuma jeri biyun sun haɗe, "ba su tafi ba" ne duka. A nan "tukuna" ke taimako: "da muka isa ba su tafi ba tukuna" shi ne "they had not left yet". "Taɓa" ma jagora ce: "ba su taɓa ganin teku ba sai da suka je Kribi" shi ne "they had never seen the sea until they went to Kribi". Na ƙarshe, "sun tafi" da aka faɗa yanzu, ga mai tambaya a ƙofar gida, "they have left" ne. "Sun" na zama "had" ne kawai in tana cikin labarin da ya riga ya wuce.

Hausa ma tana da nata tarkon, kuma "kafin" ne. Muna cewa "kafin mu iso sun cinye tuwon", ba ma cewa "kafin muka iso". Saboda haka yaro ya rubuta "before we arrive they had finished the food". Ingilishi na son aikatau na bayan "before" ya shiga sifar baya: "before we arrived". Da "before" da "after", tunda su kansu sun nuna wanda ya riga wani, ana iya barin "had" a zance na yau da kullum. "After they ate, they prayed" da "After they had eaten, they prayed" duk sun halatta. A jarrabawa dai in aka ba da gurbi bayan "after", ta biyun ta fi aminci, don ita mai tambayar ke nema. "When" ce ba ta yafiya, kamar yadda misalin tasha ya nuna, haka "by the time", wato "ko da": "By the time the rain started, they had covered the cotton", ko da ruwa ya sauko sun rufe audugar. Akwai kuma wani gini da ke rikita har malamai: "He left before I had finished speaking." A nan aikin da ke ɗauke da "had" bai ma kammala ba. Ya tafi tun ban gama magana ba. Daidai ne, kada a ja masa jan biro.

A wajen maimaita maganar wani, in an ba Faransanci haƙƙinsa, shi ne abokin tafiya, Hausa ba ta taimaka. Mu "ya ce ya biya" muke cewa, ba ma matsar da komai. Faransanci na cewa "il a dit qu'il avait payé", Ingilishi ma "he said that he had paid". Ko mutumin cewa ya yi "I paid", ko "I have paid", duk a "had paid" suke haɗuwa. In da ma da "had" ya yi maganar, tana nan yadda take, babu wani bayan baya da za a tura ta. Kalmomin lokaci ma suna matsawa: "yesterday" ta koma "the day before", "last week" ta koma "the previous week", "two days ago" ta koma "two days earlier". Inda aka fi faɗuwa shi ne tambaya. "Have you eaten?" in aka maimaita ta sai ta zama "She asked if I had eaten." Ba tambaya ba ce kuma, labarin tambaya ne, don haka "had" ta koma bayan mai aiki, alamar tambaya ta faɗi. "She asked had I eaten?" ba ta karɓuwa a takardar jarrabawa.

Sai gidan nadama. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, kuma Ingilishi da "had" yake faɗin da-na-sanin: "If I had known, I would have come", da na sani da na zo. Ɓangaren "if" na ɗaukar "had" da sifa ta uku, ɗaya ɓangaren na ɗaukar "would have" da sifa ta uku. Yara kan zuba "would" a ɓangarorin biyu, "if I would have known", kamar yadda "da" ta zo sau biyu a Hausa. A rubutun makaranta ba a yarda da shi ba. Malamin Faransanci ma yana hana "si j'aurais su", to hani ɗaya ne. Wasu kuma su rubuta "would of", don haka kunne ke jin "would've". Abin lura, "da … da …" ta Hausa na ɗaukar abin yanzu da abin da ya wuce. "Da ina da kuɗi da na sayi babur" in yau ake nufi, "If I had money, I would buy a motorcycle" ne, kuma wannan "had" ta mallaka ce kawai. In bara ake nufi, sai a ce "If I had had money, I would have bought a motorcycle." "Had" biyu a jere ba kuskuren ɗab'i ba ne, ta farko mataimakiya, ta biyu mallaka. Ana kuma iya gauraya su in sanadin ya wuce amma sakamakon na nan: "If he had taken the medicine, he would be well now." "Da ma" ta buri ita ce "wish": da ma na yi karatu, "I wish I had studied." Ɗalibin Bac da ke son rubutunsa ya yi armashi na iya jefar da "if" ya ce "Had I known", ko ya gwada "No sooner had we sat down than the lights went off", zamanmu ke da wuya aka ɗauke wuta. Ya dai tuna "no sooner" da "than" take tafiya, "hardly" kuma da "when".

Ba kowace "had" ce tamu ba, kuma ya kamata a ware darasi guda don wannan kaɗai. "He had to go" tilas ce, dole ta sa ya tafi. "You had better go" shawara ce ta yanzu, gara ka tafi. Mai babur da aka ce "he had repaired the motorcycle" shi ya gyara da hannunsa. In aka ce "he had the motorcycle repaired", kai wa makaniki ya yi. Kalmomin ɗaya ne, wurin zaman babur ɗin ne ya canja. "The motorcycle had been repaired" kuwa an riga an gyara shi, ba a faɗi wanda ya yi ba, kuma "an" ɗinmu ke nan. Taƙaitawar "'d" ma fuska biyu gare ta. A duba abin da ya biyo ta: "he'd gone", sifa ta uku, "had" ce; "he'd go", sifa ta farko, "would" ce. In aikatau ɗin irin su put ko come ne, da ta farko da ta uku suka yi kama, sai sauran jimlar ta raba gardama.

Ga yadda nake ba da shawarar a tsara darasin farko. Kada a fara da sunan lokacin, kada a rubuta ƙa'ida a allo. A ja layi ɗaya dogo, a sa alama a ƙarshen dama a rubuta "now". A sa ta biyu a tsakiya, ta uku a hagu. A faɗi jimlolin tasha biyu da Hausa, a bar yara su faɗi wadda aka ga juna a cikinta. Ajinmu ba Hausawa kaɗai ba ne, masu Fulatanci da sauran harsuna suna da yawa, to a nemi kowa ya faɗi yadda ake raba jimlolin biyu a harshen gidansu, minti biyar ya isa. Sannan a kawo Ingilishin, a nuna isowa a alamar tsakiya, tafiya a ta hagu. Bayan haka a ba da tagwayen jimloli goma, kowane tagwaye da "when", ɗaya da "had" ɗaya babu, kuma tambayar ta kasance ta ma'ana: "When the doctor came, the patient died" da "When the doctor came, the patient had died", a wacce likita ya tarar da mara lafiya da rai? Sai yara sun ci takwas cikin goma kafin a shiga cike gurbi. Plus-que-parfait ya jira darasi na biyu, kuma ranar a rubuta aikatau masu être a gefen allo, a sa yara su juya kowanne da "had" da babbar murya.

Wajen duba takarda kuma ina roƙon 'yan'uwana malamai su raba kuskure biyu da alama daban-daban. Yaron da ya rubuta "had went" ya gane wurin da ake waiwaye, jadawali ne bai zauna masa ba, aikin mako guda ne. Wanda ya rubuta "had gone" tsaf a inda babu wurin tsayawa, shi ne bai gane ba tukuna, ko da jimlarsa ta fi kyan gani. Shi za a mayar gaban allo, a ba shi alli, a ce ya nuna alamar tsakiya a jimlar da ya rubuta.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Ingilishi,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.